Ɗan Hakin Da Ka Raina: Notin Man Giya A Injin Jirgin Ruwa

Duk wanda ya je bakin ruwa a Yeji ranar kasuwa, ya ga jiragen katako suna sauke kifi da doya da fasinjoji daga Makango da ƙauyukan tsallake, ya san abincin mutane da yawa yana rataye ne a kan injin da ke maƙale a bayan jirgi. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafkin Volta ya cika, ruwa ya zama hanya, 'yan'uwanmu na zango kuwa ba a bar su a baya ba wajen fatauci da sufuri. To amma akwai wani ɗan noti da bai kai kan yatsa ba, wanda sakaci da shi kan kwantar da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 sukutum.

A can ƙasan injin, kusa da farfela, akwai akwatin giya, wanda kullum yana nutse cikin ruwa. Man da ke cikinsa bai kai rabin lita ba, amma shi ke hana haƙoran giya da boris cin juna. Noti biyu ke rufe akwatin: na ƙasa na zubar da mai da ɗura sabo, na sama kuma na fitar iska. Kowannensu yana da 'yar washa, ita ce ke tare ruwa.

Ɓarnar iri biyu ce. Ta farko, a sa ƙaramar sukudireba a kan notin da ya cije, a yi ta murɗawa har tsagar kansa ta shafe. Ta biyu ta fi muni. Notin ƙarfe ne mai tauri, jikin akwatin kuwa alminiyum ne mai taushi, saboda haka idan aka ɗaure da ƙarfin tsiya, ko aka sa shi a karkace, zaren ramin ne ke cinyewa. Daga nan sai noti ya yi ta juyawa ba ya kamawa, mai na tsiyaya, ruwa na shiga.

Alamar ba ta ɓuya. In ka kwance noti ka ga mai ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga. Notin ƙasa a injina da yawa yana da maganaɗisu a baki. Ɗan garin ƙarfe a jikinsa ba abin tsoro ba ne, amma in ka ga gutsattsari, giya ta fara karyewa.

Idan tsagar kai ce ta lalace, fita mai hankali kan ɗauko sukudireba ta bugu, wadda ake doka wa guduma ta juya da kanta, mai bakin da ya cika tsagar daidai. In ta ƙi, sai a yanka sabuwar tsaga, ko a huda tsakiyar notin a zaro shi. Wanda aka ciro ta wannan hanya ba a mai da shi, sabo ake sawa.

Idan kuwa zaren ramin ne ya tafi, sai a faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sabon zare, a murɗa 'yar wayar ƙarfe mai kama da sifirin, wadda ake kira Helicoil, don noti mai girman na da ya sake kamawa. A nan ake gane gwani. Dole ramin ya tafi sak, in ba haka ba washa ba za ta kwanta ba. A shafa giris a bakin abin yankan don ɓurɓushin ya manne masa, a kuma wanke akwatin da mai kafin a rufe.

Wajen ɗura mai ma akwai ƙa'ida. Injin yana tsaye, a tura mai ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama, sannan a ɗaure na sama tukuna, kana a rufe na ƙasa da sauri, kowanne da sabuwar washa. Mai zubawa ta sama kan bar iska a ciki, yana zaton ya cika. Man giya mai lamba 90 ake sawa, ba baƙin man mota ba, a kuma canja shi bayan kowace awa 100 ta aiki.

Wani lokaci noti lafiyarsa lau amma mai na fitowa fari. To, a cire farfela a duba, don zaren koma kan naɗe a jikin sandarta ya yanke robar da ke tare mai.

Abin takaici, wasu kan naɗe notin da leda ko su liƙe shi da gam, wai sai an dawo daga kasuwa. Jama'a, araha ba ta ado. Tafkin nan cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, iska kuma kan taso ba sallama. Jirgin da giyarsa ta tsaya a tsakiyar ruwa da mata da yara a ciki, ba maganar asarar kuɗi kawai ake yi ba. Mai jirgi ya ajiye noti ɗaya da washa biyu a akwatin kayan aikinsa, ya kuma duba launin mai kafin ranar kasuwa. Allah Ya kiyaye hanya, amin.