Farautar Dako: Jiran Naman Daji a Bakin Ƙoto

Farautar dako ita ce wadda maharbi ba ya bin dabba, sai dai ya jawo ta zuwa inda yake. Yakan ajiye abin da take kwaɗayi, ya sami maɓoya, ya zauna jira. Ta sha bamban da farautar gayya ta lokacin rani, wadda ake fita da kiɗa da karnuka da sanduna a tashi duk abin da ke cikin fage. Ita ta mutum ɗaya ce ko biyu, kuma shiru ne jarinta.

A ƙasar Hausa an fi yin ta saboda namun da suka addabi garke, wato kura da damisa da dila. Ƙotonsu mushe ne, sau da yawa ragowar akuyar da suka kashe da kansu, domin sukan dawo mata. Masu cin ciyawa irin su gada da gwanki kuwa a bakin mashaya ake dakonsu idan rani ya tsananta, ko a wurin da suka saba lasar ƙasa mai gishiri.

Aikin yana farawa tun kafin a ɗauki bindiga. Maharbi zai bi sawu, ya duba kashi, ya tambayi makiyaya ta inda ake jin kuka da dare. Idan ya zaɓi wuri, sai ya ɗaure mushen tam a jikin kututture, don kura ba ta cika ci a inda ta samu ba, ja take yi zuwa duhuwa. Gwanaye sukan bar wurin kwana biyu ko uku ba su harba komai ba, har dabbar ta saki jiki. Sannan a gyara mazauni a reshen itace, ta ɓangaren da iska ke kaɗowa daga mushe zuwa ga mutum. Wanda ya zauna akasin haka ya kwana a banza, domin hancin kura ya fi idonta. An fi son daren farin wata.

A nan ake gane sabon shiga. Sauro zai cije shi ya kai mari, ƙafa ta yi sanyi ya gyara zama, ko ya zo da warin taba a rigarsa. Babban kuskurensa shi ne gaggawa. Abin da ya fara zuwa yawanci dila ne, ko ma karen wani makiyayi. Ita kura takan yi ta kewaye daga nesa, ta tsaya, ta ɗaga kai tana sansana, ta koma, ta sake dawowa. Mai harba-ruga harbi ɗaya gare shi, kafin ya sake ɗura albarushi komai ya wuce. Saboda haka dole ya jira ta sa baki a nama, ta ba shi haƙarƙari. Idan ta gudu da rauni, ba a sauka a bi ta cikin duhu, sai gari ya waye a bi jini. Shi ya sa ba a barin yaro ya yi dakonsa na farko shi kaɗai, sai da wani babba daga cikin mutanen Sarkin Baka.

Wannan dabara ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba. A Kanada da wasu jihohin Amurka, kamar Maine da Wisconsin da Idaho, haka ake farautar baƙin beyar, dabba mai gashi da faratai wadda babu irinta a dazuzzukan Afirka. A wurare da dama ana cika durom da tsohon burodi da kayan zaƙi da man suya, a ɗaure shi da sarƙa a jikin itace, maharbi ya hau wata 'yar kujera a sama da la'asar. Da tsayin durom ɗin ake auna girman beyar. Masu goyon bayan abin suna cewa yana ba mutum lokacin tantance namiji daga mace mai 'ya'ya, wadda doka ta hana harbi a wurare da dama. Masu suka suna ganin babu jarumta a harbin dabbar da ke cin abinci, kuma ana koya mata kwaɗayin abincin mutane. Jihar Colorado ta haramta shi a 1992, Oregon a 1994, amma mutanen Maine sun ƙi amincewa da hanin a ƙuri'ar 2004 da ta 2014. Abin lura shi ne, a can da lasisi ake yi, a lokaci ƙayyadadde, kuma ana rubuta kowace dabba da aka kashe.

A nan gida kuwa, matashin da ya taso yau a Unguwar Dosa ta garin Kaduna da wuya ya taɓa jin kukan kura. Gidaje sun haɗe daga Kawo zuwa Badarawa da Malali har bakin Kogin Kaduna. Babban dajin da aka keɓe mafi shahara a Jihar Kaduna shi ne Kamuku, a Birnin Gwari, wanda ya zama gandun dajin ƙasa a 1999. Farauta haramun ce a cikinsa, ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta hana ko maharban gargajiya sakat a yankin. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke neman ƙarewa suna nan, sai dai aiwatarwa ta yi rauni, kuma damisa tana cikin waɗanda aka hana kashewa.

Mafi munin abin da ya shigo shi ne barbaɗa maganin ƙwari a kan mushe a tafi gida. Wannan ba farauta ba ce, domin guba ba ta zaɓe. Tana kashe kurar da ake nema, ta haɗa da dila da karnukan ƙauye da duk ungulun da ta sauka. Tun 2015 ungulun da aka saba gani a mahauta ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ɓacewa a duniya, kuma guba tana cikin manyan dalilai, tare da cinikin sassan jikinta don magani.