Dillalan Rage Kuɗin Wata: Sana'ar da Farashi Biyu ya Haifa

A watan Disamba na 2021, kamfanin Rocket na birnin Detroit, wanda ya yi suna wajen ba da bashin sayen gida a Amurka, ya sayi wata manhajar waya mai suna Truebill a kan dala biliyan 1.275. Aikin manhajar shi ne ta leƙa asusun bankin mutum, ta zaƙulo kuɗaɗen da ake cire masa wata-wata, ta taimaka masa ya soke waɗanda ya manta da su, sannan a buga wa kamfanin intanet ko na waya a nema masa ragi. Idan ragin ya samu, sai a yanki kaso. Shekara ba ta zagayo ba aka sauya mata suna zuwa Rocket Money.

Truebill ba ita kaɗai ba ce a wannan fage. Wasu 'yan'uwa biyu, Ben da Julian Kurland, sun buɗe BillFixers a Nashville a 2014, suna karɓar rabin abin da suka rage wa mutum a shekarar farko. Billshark yana karɓar kashi 40 cikin 100. A Birtaniya sana'ar ta fi karkata ga wuta da gas: Flipper yakan karɓi fam 25 a shekara, daga baya ya koma 30, ya riƙa mayar da gida daga wannan kamfanin makamashi zuwa wancan duk lokacin da ya ga mai sauƙi. Abin tambaya shi ne, me ya sa magidanci zai biya wani kuɗi don kawai a rage masa kuɗin da yake biya?

Amsar tana cikin yadda manyan kamfanoni suke sa farashi a waɗannan ƙasashe. Kamfanin intanet yakan jawo sabon kwastoma da garaɓasa ta shekara ɗaya ko biyu. Da zarar wa'adin ya cika, farashi ya hau, kuma ba a yin shela. Wanda ya lura ya buga waya ya ce zai tafi, sai a haɗa shi da wani sashe na musamman da aka ba ma'aikatansa ikon yin rangwame don kada kwastoma ya kuɓuce. Wanda bai lura ba, ko ya lura amma ba shi da sukunin zaman minti arba'in yana jiran a ɗauki waya, haka zai ci gaba da biya. Ke nan kaya ɗaya ne, farashi biyu: na mai ƙorafi da na mai haƙuri.

Bahaushe ya san ciniki, ya san taya da albarka, ya kuma san dillalin da ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa ya ci la'adarsa. Sai dai a kasuwar Kurmi kowa ya san farashin farko ba shi ne na ƙarshe ba, don haka babu wanda aka rufe. A can kuwa takarda ce ake aiko wa mutum da adadi a buge, kamar ba ya motsi, alhali yana motsi ga wanda ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Sanin wannan ƙofa shi ne jarin dillalan.

Girman kuɗin da ke zurarewa ta nan ba ƙarami ba ne. A 2016 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, ta gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kwastomomin manyan kamfanonin makamashi shida suna kan farashin gama-gari mai tsada, kuma ta ƙiyasta cewa gidaje suna biyan rarar kimanin fam biliyan 1.4 a shekara. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar Citizens Advice ta shigar da babban ƙorafi a kan kasuwanni biyar: wayar salula, intanet na gida, inshorar gida, bashin gida da asusun ajiya. Lissafinta ya nuna tsofaffin kwastomomi suna asarar fam biliyan 4.1 duk shekara, ba don komai ba sai don sun zauna inda suke.

Ga kuma yawaitar biyan kuɗi na wata-wata. A da, gida yana da bil ɗin wuta, ruwa da tarho. Yanzu an ƙara Netflix, Spotify, Amazon Prime, wurin motsa jiki, ma'ajiyar hotuna, kowanne yana zarar nasa daga katin banki ba tare da ya sake neman izini ba. Shiga danna maɓalli ɗaya ne, fita kuwa sai an sha zagaye. Hauhawar farashin da ta biyo bayan korona ta sa kowa ya koma yana duba inda kuɗinsa ke tafiya, kuma a daidai lokacin fasahar haɗa manhaja da asusun banki ta yi sauƙi.

Dole a faɗi alherin sana'ar, don akwai shi. Mai aikin dare a asibiti, tsohuwar da ji ya yi mata nauyi a waya, baƙon da Turancinsa bai kai na jayayya da ma'aikacin kamfani ba, ga duk waɗannan, ragin da ba za su taɓa nema da kansu ba ya fi babu, ko da an raba shi biyu. Dillalin da ke kiran kamfani ɗaya sau da yawa a rana ya san garaɓasar da ke ƙasa a makon, ya san kuɗin hayar na'ura da ake iya cirewa. Yawancinsu kuma ƙa'idarsu ita ce in ba a samu ragi ba, ba a biya.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake lissafin la'ada. A ɗauki misali: gida yana biyan dala 100 a wata na intanet, dillali ya sa aka mayar da shi 80. Ragin shekara ya kama dala 240, kashi 40 cikin 100 nasa dala 96 ne. Sau da yawa wannan dala 96 ana neman ta tun farko, a dunƙule, alhali mai gida dala 20 yake gani a wata. Sai ya shiga wata na biyar kafin ya mayar da abin da ya biya. In ya tashi daga gidan bayan wata shida, ko kamfani ya ƙara wani caji ta bayan fage, ribarsa ta gaskiya ba ta wuce dala 24 ba, ko ma ƙasa. Dillali ya karɓi nasa a hannu, mai gida yana riƙe da alkawari. A ganina wannan rashin adalci ne a fili, domin wanda ya fi buƙatar ragin shi ne wanda cire masa dala 96 rana ɗaya zai iya jefa asusunsa cikin jan layi. Wani lokaci ma ragin yana zuwa ne da sabon kwantiragi na shekara biyu, ko da rage saurin intanet, abin da mai gida bai nema ba.

Sai batun sirri. Kafin dillali ya yi magana da yawun mutum, sai an ba shi lambar asusu, lambar sirri, wani lokaci har da amsar tambayoyin tsaro. Manhajar da ke gano kuɗin da aka manta kuwa tana ganin komai: albashi, haya, kantin magani, bashin da aka makara. A nan ne ya kamata a dubi su wa suka saye waɗannan kamfanoni. Rocket mai ba da bashin gida ne. OneMain Financial, wanda ya sayi wata irin wannan manhaja mai suna Trim a 2021, mai ba da rance ne. Experian, wanda ya sayi BillFixers a 2022, yana cikin manyan kamfanoni uku masu ajiye tarihin bashin Amurkawa. Ba na jin la'adar ragin intanet ita kaɗai ce ta kai farashin Truebill sama da dala biliyan ɗaya. Sanin wanda ke da kuɗi, wanda ke cikin matsi, da wanda ya kusa neman gida, yana da daraja sosai ga mai sayar da bashi.

Labarin Birtaniya ya nuna wani rauni na daban. Look After My Bills, wani dillalin makamashi da Henry de Zoete da Will Hodson suka kafa, bai karɓi komai daga magidanta ba. Kamasho yake samu daga kamfanin makamashin da ya kai wa kwastoma, wanda ke nufin zaɓinsa ya taƙaita ga kamfanonin da suka yarda su biya shi. Flipper, mai cajin magidanci kai tsaye, ya fi tsabta ta wannan fuska. Amma da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2021, kamfanonin makamashi kusan talatin suka durƙushe, Bulb mai kwastomomi sama da miliyan 1.5 ya faɗa hannun hukuma, farashi mai sauƙi ya ɓace daga kasuwa gaba ɗaya. Flipper ya rufe a shekarar. A lokacin da gidaje suka fi kowane lokaci buƙatar sauƙi, dillalan ba su da abin sayarwa. Abin da ya tare wa mutane wani ɓangare na bugun shi ne iyakar farashin da hukumar Ofgem ta fara aiwatarwa a Janairun 2019, sai kuma tallafin gwamnati da ya biyo baya.

Akwai kuma tambayar wa ke ɗaukar nauyin ragin da aka yi wa masu dillali. Kamfani ba ya asara don Allah. Abin da ya sassauta wa masu ƙorafi yana cikin abin da yake karɓa daga masu shiru. Binciken da Jami'ar Bristol ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa gidan mai ƙaramin ƙarfi a Birtaniya yana biyan ƙarin fam 490 a shekara a kan muhimman buƙatu saboda talaucinsa, kuma kaso mafi tsoka ya fito ne daga rashin komawa farashin makamashi mai sauƙi. Irin waɗannan gidaje su ne mafi ƙarancin saukar da manhaja su haɗa ta da banki. Duk yadda dillanci ya bunƙasa, su ne za su rage a kan farashin mai haƙuri.

Shi ya sa nake ganin doka ta fi dillali amfani a wannan matsala. A Birtaniya, tun Fabrairun 2020 hukumar Ofcom ta wajabta wa kamfanonin waya da intanet su sanar da kwastoma idan kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, su kuma gaya masa farashinsu mafi sauƙi. Daga 1 ga Janairun 2022 hukumar FCA ta hana kamfanonin inshorar gida da ta mota cajin tsohon kwastoma fiye da sabo. Garaɓasar sabon shiga ta ragu a sakamakon haka, kuma masu yawan sauya kamfani sun ji a jikinsu, amma gyaran ya isa ga wanda bai taɓa buga waya ba. Jamus ta tilasta sanya maɓallin soke kwantiragi a shafukan kamfanoni tun Yulin 2022. A Amurka tafiyar ta fi tangal-tangal: hukumar FTC ta kafa irin wannan ƙa'ida a Oktoban 2024, wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Yulin 2025 saboda kuskuren bin matakai, sai dai a Satumban shekarar Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 don kashe ƙarar da hukumar ta shigar a kan yadda ake shigar da mutane Prime da wahalar fita.

A ƙasarmu sana'ar ba za ta yi irin wannan kasuwa a fannin wuta ba, domin makaminta shi ne barazanar tafiya, kuma mazaunin Kano, Katsina ko Jigawa ba shi da inda zai koma daga KEDCO, kamar yadda na Maraɗi ba shi da wani sai NIGELEC. Amma cutar cire kuɗi a ɓoye mun san ta a layukan waya, kuma maganin da aka samu, lambar 2442 da hukumar sadarwa ta NCC ta ƙaddamar a 2016 don tare saƙonnin talla, daga hukuma ya fito, kyauta.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Landan, Manchester, Houston ko Bronx, shawarata ita ce ku fara buga wayar da kanku, ku ce za ku soke, ku ji abin da za a taya muku. In hakan ya gagara kuka nemi dillali, kada ku miƙa lambar sirri sai kun ga a rubuce cewa ba za a taɓa kwantiraginku ba sai da izininku, kuma la'ada za ta riƙa fita ne wata-wata, gwargwadon ragin da ya bayyana a takardar bil.