Wankin Ƙoda Ta Ciki: Me Ya Sa Majinyaci Ke Ƙin Abinci?

Wankin ƙoda iri biyu ne. Wanda muka fi sani shi ne na na'ura a asibiti. Na biyun a gida ake yinsa: likita ya dasa siririn bututu a cikin majinyaci, a riƙa zuba wani ruwa na musamman, kimanin lita 2 ga babba, ya zauna awa 4 zuwa 6 yana jan dattin jini ta tantanin da ya lulluɓe hanji, sannan a zubar a sa sabo, galibi sau 4 a yini. A Amurka aka fito da wannan tsari a 1976, Sudan kuma ta buɗe shirinta na ƙasa a 2005.

Kukan da masu jinya suka fi yi shi ne: "Ba ya cin abinci, amma ga shi yana ƙiba." Dalilin yana cikin ruwan nan. Sukari ne ke ba shi ƙarfin janyo ruwan da ya taru a jiki, kuma yana zuwa da ƙarfi uku: kashi 1.5, da 2.5, da 4.25 cikin ɗari. Jaka ɗaya ta matsakaicin tana ɗauke da giram 50, wato ƙwayar sukari goma ko fiye, kuma fiye da rabi yakan shige jini. Jiki sai ya ɗauka an ci abinci, yunwa ta kwanta. Ga nauyin lita 2 yana danne tumbi, loma kaɗan mutum ya ce ya ƙoshi.

Haɗarin kuwa shi ne ruwan da ake zubarwa yana fita da furotin, sinadarin da ke gina tsoka, giram 5 zuwa 15 kullum, ya fi haka idan tantanin ya kamu da ƙwayar cuta. Kitse na ƙaruwa, tsoka na zaizayewa, iyali na murna wai ya murmure. A ganinmu wannan ƙibar ce ta fi yaudarar masu jinya.

Likitoci suna son mai nauyin kilo 60 ya samu furotin giram 60 zuwa 72 a yini. Don haka a fara miƙa masa farin ƙwai, kifi ko kaza kafin tuwo, kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma wasu sun fi iya ci lokacin da aka zubar da ruwan. A rage gishiri da dunƙulen miya, domin gishiri na tara ruwa, tarin ruwa na tilasta amfani da jaka mai ƙarfi, ita kuma ta ƙara sukari. Nono da wake a tambayi likita adadinsu.

Akwai ruwan Extraneal da ake yi da sitacin masara, da Nutrineal mai ɗauke da sinadaran gina jiki; dukansu suna rage sukarin da ke shiga jini. Sai dai Extraneal yakan sa wasu na'urorin awon sukari su nuna ya hau alhali bai hau ba, mai ciwon sukari ya kula.

Game da azumi, malamai da yawa na wannan zamani suna ganin wankin yana karya shi, saboda abin da ke ciyar da jiki ya shiga. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame: idan ciwon ba a sa ran warkewarsa, sai ya ciyar da miskini a madadin kowace rana. Kada a tsallake wanki ko ɗaya saboda azumi ba da sanin likita ba.