Numfashin Kifi da Zafin Bazara

Masu kiwon kifi daga Gazawa har Gidan Runji a jihar Maraɗi sun san tashin hankalin asubahin bazara: karfasa sun taso saman ruwa suna ta buɗe baki, kafin hantsi wasu sun juya ciki sama. Nan da nan sai a ce cuta ce ta shigo. Sau da yawa kuwa iska ce ta ƙare musu.

Numfashin kifi ana auna shi. Masana sukan sa kifi cikin ɗan akwatin gilashi cike da ruwa, su toshe, su riƙa duba yadda oksijin ke raguwa awa bayan awa. Gwargwadon abin da ya shaƙa, gwargwadon saurin da jikinsa ke ƙona abinci. In zafi ya ƙaru da digiri 10, buƙatar kifi takan kusa ninkawa, alhali ruwan da ke riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita guda a digiri 20 ba ya wuce 7.5 sosai a digiri 30. Da dare kuma gansakuka na shan nata kason. Sannan kilo guda na ƴaƴan kifi ya fi babban kifi mai kilo guda cin iska nesa ba kusa ba, kamar yadda Max Kleiber ya nuna a kan dabbobi tun 1932.

To, kifin da ke yawo can cikin teku fa, ba a akwati ba? Cikin kansa akwai wani ɗan dutsen kunne da ke girma zobe bisa zobe. A 1971 Giorgio Pannella ya gano cewa kullum ake ƙara zobe ɗaya, a 2019 kuma aka nuna a kan kifin kod na Atlantika cewa sinadarin kabon da ke cikin dutsen na ajiye labarin ƙona abincinsa. Ana yanka dutsen a karanta rayuwar kifin tun daga ƙuruciya.

Mu ma a ruwayenmu muna da gwanayen jure ƙarancin iska. Tarwaɗa na tasowa ta haɗiyi iska, gaiwa kuma ta nutse cikin laka, ta naɗe da yauƙinta, ta rage numfashi har damina ta dawo. Karfasa ba ta da ko ɗaya cikin dabarun nan, tana kuma cikin kifayen da ake zubawa a tafkunan jihar Maraɗi. Ina ganin duk shirin da zai raba ƴaƴan kifi ya kamata ya haɗa wa masunta da na'urar auna oksijin, ya koya musu duba ruwa kafin fitowar rana da rage abinci a watan Afrilu da Mayu.