Alƙali Ɗaya Zai Iya Tsayar da Gwamnatin Amurka?

Yau kotunan Amurka za mu leƙa.

Ranar 20 ga Janairun 2025, wato ranar da aka rantsar da shi karo na biyu, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wani umarni: jaririn da aka haifa a Amurka ba zai zama ɗan ƙasa ba, sai in mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin. Tun umarnin bai fara aiki ba, alƙalan tarayya uku, a jihohin Maryland da Massachusetts da Washington, suka taka masa birki a faɗin ƙasar.

Gwamnati ta garzaya Kotun Ƙoli, amma da dabara. Ba ta nemi a ce umarnin ya dace da tsarin mulki ba. Abin da ta tambaya shi ne, da wane iko alƙali ɗaya zai ɗaure hannun gwamnati a kan mutanen da ko ƙara ba su shigar ba? Ranar 27 ga Yuni, alƙalai 6 cikin 9 suka ba ta gaskiya. Mai Shari'a Amy Coney Barrett, wadda ta rubuta hukuncin, ta dogara da dokar 1789 da ta kafa kotunan tarayya: aikin alƙali ya share hawayen wanda ya zo gabansa, ya tsaya nan.

Kukan gwamnati yana da tushe. Lauyoyi sun daɗe suna zaɓar kotun da suka san alƙalinta zai saurare su. A 2015 wani alƙali a Texas ya dakatar da shirin Shugaba Obama na kare wasu baƙin haure, ƴan Republican suka yi ta murna. Da mulki ya dawo hannunsu, sai abin ya zama cin zarafin shugaba. Mu ma nan mun san wannan wasa, ko a rikicin masarautar Kano na 2024 mun ga umarnin kotuna suna cin karo.

Sai dai wa zai ɗauki nauyin gyaran? Mai Shari'a Sonia Sotomayor, ɗaya daga cikin ukun da suka ƙi, ta nuna cewa ƴancin mutum zai koma dogara ga ko ya iya shigar da ƙara. Mai kuɗin ɗaukar lauya zai tsira. Mace mai naƙuda da ke tsoron jami'an shige da fice, ina ta ga ƙarfin halin zuwa kotu?

Amma hukuncin ya bar wata hanya, wato ƙarar da mutane kaɗan ke shigarwa a madadin duk masu matsala iri ɗaya. Ranar 10 ga Yuli, kusan mako biyu bayan hukuncin, Alƙali Joseph Laplante na New Hampshire ya amince da irin wannan ƙara a madadin jariran da abin ya shafa, ya sake dakatar da umarnin a ko'ina cikin Amurka.