Gwajin gubar maganin feshi: Me ya sa abincin ƙwarin ruwa ke sauya sakamako?

Da zarar damina ta kankama a Ƙananan Hukumomin Ƙaraye da Rogo, ruwan sama kan wanke wani kaso na maganin ciyawa da na ƙwari daga gonaki zuwa rafukan da ke malala Dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a 1992. Masunta da masu sayen kifi na da haƙƙin sanin yadda ake auna illar waɗannan sinadarai.

Masana kan yi awon ne da wasu ƙananan halittu dangin jatan lande, waɗanda da kyar ido ke ganin su, kuma su ne abincin 'ya'yan kifi. A ruwan teku akan yi amfani da nau'in Acartia tonsa, a ruwan daɗi irin na dam kuwa Daphnia magna. Akan zuba su cikin ruwa mai sinadari gwargwado daban-daban, a lura da inda suke fara galabaita.

Sai dai abinci na iya karkatar da sakamakon. Halittar da ta ƙoshi ta fi mai jin yunwa juriya. Haka nan gansakukar da ake ciyar da su kan riƙe wani ɓangare na sinadarin a jikinta: wani lokaci hakan ya rage gubar da ke cikin ruwan, wani lokaci kuma ya kai ta kai-tsaye cikin hanjinsu. Abin mamaki, har abincin uwa na da tasiri, domin Daphnia da ba ta ƙoshi ba takan haifi 'ya'ya kaɗan amma manya, waɗanda kan fi jure wasu gubobin.

Shi ya sa ƙa'idar Ƙungiyar OECD ta hana ba su abinci a gajeren gwaji na awa 48, ta kuma ƙayyade abincin kowace rana a gwajin hayayyafa na kwana 21.

A dam babu mai awon abinci. Idan ruwa ya yi jawur da laka a tsakiyar damina, hasken rana ba ya ratsa shi sosai, gansakuka na iya raguwa, kuma a daidai lokacin ne feshi ya fi yawa. Gwargwadon sinadarin da ƙosasshiyar halitta ta jure a ɗakin gwaje-gwaje na iya fin ƙarfin 'yar'uwarta mai yunwa a Challawa, 'ya'yan kifi su rasa abin ci.