Agwagin Ci-rani da Yanayin Farauta a Dausayin Haɗeja da Nguru

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin agwagin dawa da ke barin Turai da Asiya su yi hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru, da yadda yawan ambaliya ke tasiri a kan adadinsu da kuma farautarsu. An nuna cewa girman filin da ruwa ya malale ne ke yanke yawan agwagin, shi ne kuma ke yanke yawan ɓarnar da farauta za ta iya yi musu.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san ci-rani: mutum ya bar gida bayan kaka, ya nemi abinci a wata ƙasa, ya koma kafin shuka. Haka wasu agwagin dawa ke yi. Suna ƙyanƙyasa a Turai da yammacin Saberiya, idan tafkunan can suka fara daskarewa sai su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a manyan dausayoyin Sahel. Huɗu ne suka fi shahara: bakin kogin Sanagal, da malalen kogin Kwara a tsakiyar ƙasar Mali, da tafkin Chadi, da dausayin Haɗeja da Nguru.

2.0 Yanayin Dausayin

Dausayin yana inda kogin Haɗeja da na Jama'are suka tarar da tsofaffin jigayin yashi, suka rarrabu zuwa rassa da tafkuna da fadamu a jihohin Jigawa da Yobe da Bauchi, kafin su sake haɗuwa a wajajen Gashuwa su zama kogin Yobe mai zuba a tafkin Chadi. Ambaliya kan kai ƙarshen cikarta a watannin Agusta da Satumba, sannan ta yi ta janyewa. Janyewar nan ce ke barin ruwa marar zurfi mai cike da 'ya'yan bado da irin ciyayi da ƙwarin ruwa, daidai lokacin da baƙin ke isowa a Oktoba da Nuwamba. Sukan juya arewa a Maris da Afrilu.

Fitattu daga cikin baƙin su ne agwagwa mai farar gira, wadda masana ke kira Spatula querquedula, da mai tsinin wutsiya, wato Anas acuta, da kuma jar agwagwa mai nutso, Aythya nyroca, wadda ke cikin jerin tsuntsayen da ake fargabar raguwarsu a duniya. Sukan tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya, waɗanda ba sa barin Afirka. Saboda wannan muhimmanci ne aka sanya tafkin Nguru da rafin Marma cikin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, aka ƙara da Dagona da Baturiya a 2008.

3.0 Ruwa da Yawan Agwagi

A shekarun 1960 ambaliya kan rufe murabba'in kilomita 2,000 ko fiye a shekara mai albarka. Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko shi ne farin shekarun 1970 da 1980. Na biyu shi ne madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992. Madatsun sun rage ƙarfin ambaliyar damina, sannan suna sakin ruwa da rani. Rassan da a da kan bushe duk shekara sai suka zama masu ruwa kullum, kacalla ta samu wurin zama ta toshe magudanai. Sakamakon haka ruwa ya karkata zuwa Marma da Nguru yana cinye gonaki, wasu fadamun kuma suna fama da ƙishirwa.

Kacalla ba ta amfanar agwagwa, domin tana rufe sararin ruwan da take kiwo a ciki. Ita kuwa agwagwar ci-rani ba ta da ƙaunar wuri: idan Haɗeja ta gaza, sai ta wuce tafkin Chadi ko Mali. Don haka ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967 kuma ake yi kowane Janairu, ba a fassara ta da alƙaluman wuri guda. Raguwa a Dagona na iya zama ƙaura ce kawai; sai an haɗa alƙaluman dukan dausayoyin Sahel kafin a ce jinsin ya ragu.

4.0 Yanayin Farauta

Farautar tsuntsayen ruwa tsohuwar sana'a ce a yankin, ana yin ta da bindigar toka da raga da tarko. Mafi muni shi ne zuba hatsin da aka jiƙa da maganin ƙwari, domin yana kashe abin da ake nema da wanda ba a nema, ya kuma jefa mai cin naman cikin haɗari. Harsashin dalma ma yana da tasa illa: ƙwayoyin da suka faɗa taɓo agwagwa kan haɗiye su a matsayin tsakuwa, gubar ta kashe ta a hankali.

Binciken da Leo Zwarts da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 game da dausayoyin Sahel ya fito da wata ƙa'ida daga malalen Mali, inda ake kama agwagi da raga ana kai su kasuwar Mopti. A shekarar da ruwa ya yawaita, tsuntsaye kan watsu a fili mai faɗi, kamunsu ya yi wuya. A shekarar fari kuwa sukan cunkushe a 'yan tafkunan da suka rage, a daidai lokacin da kifi da shinkafa suka gaza, mutane suka fi buƙatar abin sayarwa. Ke nan farauta ta fi tsanani a shekarar da agwagin suka fi rauni. Illar kan ƙaru a Fabrairu da Maris, lokacin da suke tara kitsen da za su ƙetare Sahara da shi; yawan firgita su kaɗai na iya hana su ƙoshi.

A takarda akwai kariya. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta tsara lasisin farauta, Dagona na cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, Nijeriya kuma tana cikin yarjejeniyar AEWA ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura. Sai dai fadamun da ke wajen gandun sun fi na ciki yawa nesa ba kusa ba, agwagwa kuma ba ta san iyaka ba.

5.0 Darasi daga Riyad

Ƙasar Saudiyya na kan hanyar tsuntsayen da ke zuwa gabashin Afirka. A Al-Ha'ir, kudu da Riyad, ruwan birni da aka tace wanda ke bin kwarin Hanifa ya samar da dausayi a tsakiyar hamada, tsuntsayen ruwa masu ƙaura kuma suka mai da shi zango. Wannan ya nuna cewa tsuntsu na bin ruwa duk inda aka sake shi. Haka nan Cibiyar Kula da Namun Daji ta ƙasar kan bayyana lokacin farauta, a 'yan shekarun nan daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Janairu, tare da lasisi da jerin jinsunan da aka halatta. Tsarin da ya fayyace lokaci da jinsi ya fi sauƙin aiwatarwa a kan hani na baki ɗaya wanda ba mai bi.

6.0 Kammalawa

Tun farkon shekarun 1990 binciken Edward Barbier da abokansa ya nuna cewa ruwan da ya malala a dausayin ya fi kawo amfani, ta fuskar noma da su da itace, a kan daidai adadinsa da aka karkatar zuwa noman rani na Kogin Kano. Ashe buƙatar agwagwa da ta masunci da manomin shinkafa ɗaya ce. Abin da ya kamata shi ne a riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa da damina yadda zai kwaikwayi ambaliyar asali, a ci gaba da yashe rassan da kacalla ta toshe, a hana guba kwata-kwata, a kuma rufe farauta daga Fabrairu da kuma duk shekarar fari. Wannan ba zai yiwu ba sai da hannun sarakunan baka da sarakunan ruwa, domin su ne suka san wanda ke shiga fadama da dare.